Yadda za ka mayar da wayar cikin shirin Star Trek abin amsa kira na gaske a Saudiyya

Wanda ya taɓa kallon tsohon shirin talabijin ɗin nan na Amurka, Star Trek, da aka fara haskawa a 1966, ya san 'yar baƙar na'urar da 'yan sama jannatin ke zarowa daga ƙugu. Mutum zai wulla murfinta mai ruwan zinariya sama, ta yi 'yar tsuwwa, sai ya hau magana da jirginsu da ke can sararin samaniya. Wani mai sana'ar ƙera kayan fim, Wah Chang, shi ya ƙera su, guda goma. Jikin roba ne, murfin tagulla ce mai huji-huji, kuma biyu kacal daga cikinsu ke da ɗan faifan nan mai zane da ke juyawa a tsakiya, wanda injin agogon auna gudu da aka ɓoye a ciki ke juya shi. Babu wadda ke kiran kowa a cikinsu. Sai a 1973 Martin Cooper na kamfanin Motorola ya yi kiran farko da wayar hannu, kuma sai a 1996 kamfanin ya fito da StarTAC, wayar da ake buɗe murfinta kamar ta cikin shirin.

A 2016, shekarar da shirin ya cika 50, wani kamfani na Ingila mai suna The Wand Company ya fito da kwafinta mai aiki. Sun auna ɗaya daga cikin na asalin da ta rage, suka ƙera irinta, suka sa mata lasifika da makirfo da batir da Bluetooth. Kira ya shigo wayarka, ka ɗaga murfi, ka amsa. Wani kamfanin kuma, Fametek, ya yi bajon da ake maƙalawa a ƙirji, na shirin da ya biyo baya, wanda ake taɓawa da yatsa a amsa kira.

Tun kafin ka kashe ko riyal ɗaya, ka san abin da za ka saya. Wannan na'ura ba ta ɗaukar layi, ba ta da allo, ba ta da lambobin dannawa. Jawwal ɗinka, wato wayarka ta hannu, shi ne mai kira, ita baki ce da kunne kawai, kuma in ka yi nisa da wayar ta zama kayan ado. Ni a wurina abu ɗaya ke raba wadda ta cancanci kuɗinta da wadda ba ta cancanta ba: wanda ke ɗaya gefen yana jinka tangararan? Yawancinmu da ke zaune a Jidda da Makka da Madina kiran gida muke yi, Kano ko Zinder ko Sakkwato, da tsofaffin da kunnensu ya fara nauyi, a kan layin da dama ba ya da ƙarfi. Duk kyan na'ura, in mahaifiyarka sai ta ce ka maimaita, ba ta yi ba. Duk matakan da ke ƙasa a kan wannan na ɗora su.

Saye

Hanya biyu ce. Ko ka sayi wadda aka ƙera da Bluetooth tun daga masana'anta, ko ka sayi ta wasan yara mai fitila da ƙara kawai, ka zuba mata kayan ciki da hannunka. Ta farko ta fi kyau da ƙarko, ta biyu ta fi araha kuma ta fi koyar da mutum. Bari mu fara da ta farko.

Abin da za ka fara dubawa a bayanin kaya shi ne haruffa uku: HFP. Bluetooth yana da tsare-tsare daban-daban, kowanne da aikinsa. A2DP na tura kiɗa ko karatu ne daga waya zuwa lasifika, hanya ɗaya, babu dawowa. HFP shi ne na kira, shi ke ɗaukar muryarka ya kai wa waya, shi kuma ke ba maɓallin na'urar ikon amsawa da katsewa. Akwai kayan kwaikwayo da yawa a kasuwar intanet da aka rubuta musu Bluetooth da manyan baƙaƙe, alhali lasifika ce zalla ba makirfo. In mai sayarwa bai rubuta HFP ba, bai kuma ce ana amsa kira da ita ba, ka tambaye shi a rubuce, ka ajiye amsar.

Ta The Wand Company ta fito a kan kimanin dala 150, wato wajen riyal 560 tunda dala ɗaya riyal 3.75 ce. Ba kullum ake samun sabuwa ba, don haka sau da yawa sai ta hannu, a kasuwannin intanet irin eBay ko Haraj, kuma masu tara irin waɗannan kaya sukan ɗaga farashin. A nan ne ake cin mutane ba da gangan ba. Wanda ya saya a 2016 ya ajiye a kwali bai taɓa buɗewa ba zai ce maka sabuwa ce dal, kuma gaskiya ya faɗa, sai dai batirin lithiyum da ya yi shekaru babu caji yakan mutu a kwance. Wadda ake amfani da ita jifa-jifa ana yi mata caji ta fi mini wadda aka rufe. Ka nemi ya turo maka bidiyo yana amsa kira da ita bayan ya cire ta daga kan caja, ba tana kai ba. Ka kuma tabbata matsayinta na caji yana cikin cinikin, domin ba ta da ramin soka waya a jikinta. A kan matsayin nan mai maganaɗisu ake ɗora ta ta sha caji, kuma samunsa shi kaɗai wahala ne.

In daga waje za a turo, ka lissafa kuɗin aike da harajin kashi 15 cikin ɗari da ake ɗorawa a nan tun watan Yulin 2020. Ka rubuta adireshinka na nan Saudiyya daidai yadda yake a rajista, da lambar wayar da ke hannunka, don mai kawo kaya kira zai yi. Ka kuma tambayi mai sayarwa tun da wuri ko kamfanin aiken da zai yi amfani da shi yana karɓar kaya mai batir a ciki, saboda ba duka ke karɓa ba. Wata shawara a gefe: a cikin kayan wannan shiri akwai mai siffar ƙaramar bindiga. Kada ka haɗa ta cikin odarka, kada kuma ka sa ta a jaka in za ka bi ta filin jirgi. Bayanin da za ka tsaya yi wa jami'an tsaro bai kai darajar abin ba.

Caji da haɗawa da waya

Ta iso, kada ka yi gaggawar kunnawa. Fara juya ta a hannu, ka duba ko jikinta ya ɗan buɗe ta gefe ko bayanta ya yi tudu, alamar batir ya kumbura ke nan, kuma irin wannan ba a yi masa caji. In lafiya take, soka matsayin a cajar USB ta yau da kullum mai volt 5. Cajojin waya suna karɓar wuta daga volt 100 zuwa 240, saboda haka ko gidanka tsohon gini ne mai soket ɗin 127, ko sabo mai 230, babu damuwa. Bar ta ta cika tukuna. Na'ura mai raunin caji takan haɗu da waya ta sake katsewa, sai mutum ya ɗauka lalatacciya aka sayar masa.

Yanzu ka kashe duk wani abin Bluetooth da wayarka ta saba da shi a kusa: abin kunne, agogo, lasifikar ɗaki. Shiga saitunan waya, buɗe Bluetooth, ka bar shafin a buɗe. Sa na'urar cikin yanayin neman waya. Yawanci danne maɓalli ake yi na wasu daƙiƙu har fitila ta fara ƙyaftawa, kuma takardar cikin kwali tana nuna wane maɓalli ne a samfurinka. Sunanta zai fito a jerin da ke wayar, ka taɓa shi. In ta nemi lambar sirri, tsofaffin na'urori 0000 suke karɓa, wasu 1234.

Mutane da yawa a nan suke tsayawa, alhali saura aiki. A wayar Android, taɓa alamar saiti da ke gefen sunan na'urar. Za ka ga makunni biyu, ɗaya na kira, ɗaya na sauran sauti. Kunna na kira. Na biyun kuwa ka yi tunani kafin ka bar shi a kunne, domin in yana kunne, duk saƙon muryar da ka buɗe a WhatsApp da duk bidiyon da ka taɓa ta lasifikar na'urar zai fito, ko da tana wani ɗaki a hannun yara. Ni kashe shi nake ba da shawara, sai ranar da kake son sauraron karatu ta cikinta.

A iPhone al'adar daban ce: in ka amsa kira a jikin wayar, sautin a wayar zai tsaya, in ka amsa ta na'urar, can zai tafi. In kana so kullum ya bi ta Bluetooth, akwai wurin zaɓar hanyar sautin kira a sashen Accessibility, ƙarƙashin Touch. Ko ana cikin magana ma kana iya taɓa alamar sauti a allon kira ka mayar da shi inda kake so.

Tunda babu lambobi a jikinta, fitar da kira ta waya ake yi, ko kuma ta mataimakin murya irin Siri ko na Google in na'urar tana da maɓallin tada shi. Waɗannan mataimaka ba sa kama sunayenmu da kyau. Dabarar ita ce ka sake wa mutanen da ka fi kira suna gajere mai sauƙin furtawa a harshen da ka saita wayar, Larabci ko Turanci.

Gwaji

Kada gwajin farko ya zama da abokin da ke zaune kusa da kai, don muryarka ta iska zai ji, ya ce lafiya lau. Kira wanda ke nesa, wanda kuma ba zai ji nauyin gaya maka gaskiya ba. Haka na ga wani maƙwabcina a nan Jidda ya yi da tasa. Ya ɗora ta a tafin hannu daidai ƙirji, kamar taƙi ɗaya daga bakinsa, ya kira mahaifiyarsa.

"Umma, barka da yamma. Wani abu nake gwadawa, kina jina sosai?"

"Ina jinka, ɗan nan. Amma me ya sa in na yi magana nake jin muryata tana dawo mini?"

"To, Umma, bari in rage ƙara. Yanzu fa?"

"Yauwa, yanzu ta daina. Sai dai kamar akwai iska a bayanka."

Abu biyu ta kama, kuma su ne manyan matsalolin irin wannan na'ura. Na farko amsa-kuwwa: lasifika da makirfo suna zaune kusa da juna a ƙaramin gida, in ƙara ta yi yawa sai makirfo ya kwashi muryar mai kiran ya mayar masa. Kai ba za ka taɓa ji ba, shi ne ke shan wahalar. Maganinsa rage ƙara zuwa rabi ko sama kaɗan, da kuma guje wa ajiye ta a kan gilashi ko tayil lokacin magana. Na biyu, iskar da ta ji na'urar sanyaya ɗaki ce, irin ta taga mai ruri, wadda kunnenmu ya saba da ita har ba ma jinta. Juya mata baya ko ka koma ɗaya kusurwar.

Kada ka yi mamaki in karatu ko kiɗa ya fito da kyau amma muryar kira ta fito siririya. Tsarin kira yana matse sauti fiye da na kiɗa, musamman a tsofaffin na'urori, haka aka gina shi. Sai kuma nisa: mita 10 ake faɗa, amma a fili ne. Bangon kankare mai rodi irin na gidajenmu yana cinye fiye da rabi, jikin mutum ma yana tarewa, ga kuma Wi-Fi da ke amfani da zango ɗaya da Bluetooth, 2.4 gigahaz. Ajiye waya a falo, ka yi tafiya kana magana har inda murya ta fara yankewa, ka san iyakarka ke nan. Ka maimaita gwajin da kiran layi, na stc ne ko Mobily ko Zain, sannan da manhajar da kake kiran gida da ita ta intanet, domin wasu manhajojin ba sa amsa umarnin ɗaga murfi, sai ka taɓa allon waya.

Zama da ita

Wannan na'ura a fili take magana. Duk wanda ke majalisa zai ji abin da aka gaya maka, don haka hakkin mai kira ne ka sanar da shi tun a gaisuwa: "Yaya, a lasifika kake, ina tare da mutane." Maganar iyali da ta kuɗi a mayar da ita kunne. In za ka masallaci ka kashe ta gaba ɗaya, kada ka dogara da cewa ka sa waya a shiru, don tana da nata sautukan, kuma murfi na iya buɗewa a aljihu lokacin sujada.

A mota kuwa babu wani sassauci. Abin da ka riƙe a hannu kana tuƙi ya ɗauke maka hannu da hankali, ko waya ce ko wani abu, kuma kyamarorin Saher, masu sa ido a kan tituna, suna kama mai riƙe waya. Kashe ta kafin ka tada mota, in ba haka ba ma za ta yi ta jayayya da Bluetooth ɗin motar a kan wa zai karɓi kira.

Babban abokin gabarta a ƙasar nan zafi ne. Batirin lithiyum ba ya son caji in zafi ya wuce digiri 45, kuma motar da aka rufe a rana a watan Yuli cikinta yakan haura 60. Yini ɗaya a gaban gilashi ya isa ya rage wa batir kwana, ya kuma lanƙwasa roba. In za ka tafi hutu gida ka bar ta, bar ta da rabin caji a ɗaki mai inuwa, ba a kan caja ba. In da ita za ka tafi, a jakar hannu. Ƙura kuma buroshi mai laushi ke fitar da ita daga hujin makirfo; kada turare ko man oud ya taɓa jikinta, yana dusar da roba da fenti.

In da hannunka za ka haɗa

Wannan shi ne ɓangaren da na fi so matasanmu su gwada, musamman masu sha'awar gyaran waya. Kana buƙatar kwafin roba na wasa, da ƙaramar lasifikar Bluetooth mai makirfo wadda za ka kwashe kayan cikinta, da ƙarfen narka dalma mai siririn baki, da mitar gwaji, da ƙaramin sukudireba, da magagari, da soso, da salatif mai jure zafi. Shagunan titin Falasɗin a Jidda, ko Mursalat da Batha a Riyad, nan ne wurin nema. Ƙaramar lasifika ta fi abin kunne dacewa, domin abin kunne an yi shi ne don ya yi raɗa a cikin kunne, ba zai cika tafin hannu da murya ba sai ka ƙara masa ɗan allon lantarki mai ƙara sauti irin PAM8302, wanda ƙarin aiki ne da ƙarin wuri.

Kafin ka kwance ko noti ɗaya, yi wa lasifikar gwajin kiran nan na nesa. In tana da amsa-kuwwa a gidanta na asali, a sabon gida sai abin da ya ƙaru. Ta ci jarrabawa, buɗe ta, ɗauki hoton kowace waya da inda ta shiga. Cire batir da farko, waya ɗaya bayan ɗaya, kana naɗe bakin kowacce, don in ja da baƙa suka haɗu wuta ce. Sannan buɗe abin wasan, fitar da allon lantarkinsa da gidan batirinsa, ka jera sababbin kayan a ciki ba tare da ka liƙa komai ba, ka rufe ka gani ko yana rufuwa ba dole. Batirin da aka matse ko noti ya soke shi haɗari ne na gaske.

Wurin zaman kowane abu shi ne sirrin aikin. A gefen allon lantarkin da ka ciro daga lasifikar za ka ga wani siririn zanen tagulla mai lanƙwasa-lanƙwasa, eriya ke nan. Ta fuskanci roba, nesa da batir da duk wani ƙarfe, in ba haka ba nisan mita 10 zai koma biyu. Lasifika a can sama, makirfo a can ƙasa, iyakar nisan da gidan ya bari. Zagaye lasifikar da soso ta yadda sautin bayanta ba zai zagaya ta cikin gida ya iske makirfo ba, shi ma makirfon ka sa shi cikin 'yar roba mai laushi, bakinsa daidai huji. In sai ka ƙara masa waya, ta zama gajera, ka murɗe biyun tare, hakan na rage ƙugi.

In batirin asali bai shiga ba, sai ka nemi ƙarami mai volt 3.7 wanda ya zo da allon kariya da wayoyinsa. Ba a ɗora dalma kai tsaye a jikin batir. Amma ka lura, allon an saita shi ne ya tura caji daidai babban batir. Ƙa'idar da masu gyara ke bi ita ce kada ƙarfin cajin ya wuce adadin da aka rubuta a jikin batirin: allon da ke tura miliamfiya 500 bai dace da batir mai 150 ba. In ba ka iya auna wannan ba, kai wa mai gyara ka ce, "Malam, auna mini abin da wannan allo ke turawa," aikin minti kaɗan ne a wurinsa.

Goge ramin caji da magagari a hankali, kana gwadawa da bakin wayar caji. Maɓallin amsa kira kuma ka jawo shi da wayoyi biyu zuwa ɗaya daga cikin maɓallan gaban abin wasan. Wajen liƙawa ka bar gam ɗin kyandir da ake narkawa da bindigar zafi. A yanayinmu yakan yi laushi ya saki, sai ka ji kaya na karkaɗawa a ciki. Salatif mai gam fuska biyu ya isa wa allo da batir, gam mai haɗi biyu kuma na bakin caji, inda ake yawan turawa da ja.

Kowa zai so a ce ɗaga murfi ne ke amsa kira. Ana yi, da ɗan maganaɗisu a murfi da makunnin da ke jin maganaɗisu a ciki, amma akwai tarko: allon yana ɗaukar taɓawa ɗaya a matsayin amsa kira, dannewa mai tsawo kuma a matsayin kashewa ko neman sabuwar waya. Murfin da ya tsaya a buɗe tamkar yatsa ne da bai ɗaga ba, sai na'urar ta mutu ana tsakiyar gaisuwa. Gyaran yana buƙatar ƙarin da'ira da ke mayar da buɗewar ta zama taɓawa ɗaya. A aikin farko ka bar wannan, ka ɗaga murfi ka danna maɓalli. Kafin ka ɗaure notin ƙarshe, auna batir da mita, ya nuna tsakanin volt 3.7 da 4.2, yi cajin farko a kan tayil kana wurin kana taɓa shi ko yana zafi, sannan ka sake kiran gida da gidan a rufe, domin sautin buɗaɗɗe da na rufaffe ba ɗaya ba ne.